Sabi'u ya shiga tafki dominmu

Yau Lahadi. Ƙafafuna sun kumbura, amma tarin ya lafa, alhamdu lillahi.

Na dafa shayi ina jiran Sabi'u, ɗalibin da ƙungiyar kula da tsofaffi ke turo mini nan unguwarmu ta Cheras duk mako. Sai ga wayarsa.

"Baba, muna bakin tafki, jama'a maƙil. Iyo za mu yi, a tara wa ƙungiya gudummawa."

"Kai da ko kududdufin unguwarku ba ka taɓa shiga ba?"

Ya yi dariya. "Dominku ne, Baba. In na fito zan biyo."

Da gudummawar nan ake sayen maganina, na sani, na kuma gode. Amma jama'a, butulci ne in na ce na fi buƙatar hirar?

An kira magariba, bai zo ba.