Turakun Ƙarfe na Layinmu

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai ba tatsuniya ba ce, a ƙarƙashin tagata aka yi ta.

Layinmu a Hindawiyya, nan cikin Makka, gangare ne. Daga bakin tanderun da ke can sama yake saukowa, ya wuce ƙofar gidanmu da ta masallaci, ya faɗa babban titi. A gefensa akwai wata 'yar hanya, faɗinta bai wuce mutum ya buɗe hannuwansa ba, an raba ta da hanyar motoci da turakun ƙarfe. Mutanen unguwa ne suka kafa su tun ina goyon 'yata ta fari. Ba a rubuta komai a jikinsu ba, amma kowa ya san hanyar ta masu keke ce, da masu baro, da mai tura tsohonsa a keken guragu zuwa salla.

Mijin 'yata ta fari yana cikin masu keken. Mutumin Maraɗi ne, aiki ya kawo shi. Shi ke raba tamis, burodin nan mai faɗi da ake ci da wake da safe. Shi kuwa tamis da zafinsa ake sayensa, in ya huce ya zama fata. Sai ya jera shi a bayan keke, ya lulluɓe da bargo, ya gangaro ta bayan turakun. Motoci na tsaye cunkus, shi yana wuce su, ya isa shagunan babban titi burodi na tururi. Da wannan yake ci da 'yata da 'ya'yansu.

Yaro ne mai kunya irin ta gida. Tun da ya auri 'yarmu bai taɓa cin abinci a gaban maigidana ba. In ya hango shi tafe sai ya sauka daga keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Maigidana haihuwar Makka ne, kakansa ne ya zo da ƙafa, Hausarsa ma rabinta Larabci ce. Yakan ce, "Tashi, ya waladi, kwalta da zafi!" ya yi dariya. Abin yana yi masa daɗi, amma bai san nauyinsa ba. Ni na sani, don da wayona aka kawo ni daga Sakkwato. Ni ma ban taɓa haɗa ido da yaron ba.

To, a shekarun da aka yi ta rushe gidajen kusa da Harami, mutane suka kwararo unguwarmu, kowa da motarsa. Maigidana tasi yake ja, 'ya'yanmu maza ma kowa ya sayi tasa. Wurin ajiyewa ya yi wuya. Sai aka fara cewa a cire turakun nan, motoci su samu gefe. Maigidana ne kan gaba.

Maganar ta shiga ko'ina, har wajen suna. Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Ɗana sai ya zagaye unguwa har jiri ya ɗebe shi kafin ya samu inda zai tsaya. Saboda me? Saboda keke!"

Matar ladan, wadda mijinta ba ya iya tafiya sai an tura shi, ta ce, "To ni nawa a ka zan ɗauke shi?"

"Ke dai faɗi gaskiya, kin gaji da turawar."

Aka yi dariya, aka ci shinkafa, ba wadda ta sauya.

Wata rana 'yata ta shigo, ta cire abaya ta jefar kan kujera. Ta ce, "Inna, ki ji mutumin nan fa. In aka cire turaku aikinsa ya tafi, shi da kansa ya faɗa. Na ce bari in gaya wa Abuya, ya ce in na buɗe baki to shi ne ya yi musu da surukinsa ta bakina." Abuya take ce wa ubanta.

Na ce, "Gaskiyarsa."

Ta ce, "Gaskiyar za mu dafa?"

Da maigidana ya dawo na ajiye masa shayi, na ce, "Malam, turakun nan suna da masu su." Ya ce, "Duk mai magana ya zo gaban umda ya faɗa. Ba a hana kowa ba." Umda shi ne mai unguwa a nan.

Ranar da umda ya zo, bayan la'asar ne, aka shimfiɗa darduma a ƙofar masallaci. Ina daga sama, ta bayan labule. Masu keke suka tsaya a gefe guda, yawancinsu Yamanawa ne da 'yan Bangala, wato Bangaladash, baƙi masu zaman aiki, ba mai son a san fuskarsa a wajen gardama. Ashe sun riga sun shirya. Sun ce a cikinsu akwai wanda ya yi aure a babban gida na unguwa, shi za a tura, maganarsa za ta fi nauyi. Su a ganinsu dabara suka yi.

Maigidana ya tashi ya yi bayani, ya daɗe, masu motoci na gyaɗa kai. Umda ya waiga ya ce, "Masu keke fa?"

Suka turo mijin 'yata gaba. Ya zo tsakiyar fili, ya ɗaga kai, ya ga wanda ke tsaye a gabansa. Sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sa ido a ƙasa.

Maigidana ya ce da Hausa, "Faɗi, ya waladi, ba wanda zai cinye ka. A cire ko a bari?"

Wani ɗan Bangala ya ja shi ta riga.

Can yaron ya ce, "Duk yadda Baba ya ce."

Umda ba ya jin Hausa, ya tambaya me ya ce. Babban ɗana ya mayar masa da Larabci daidai yadda aka faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Umda ya buɗe hannuwa ya ce tun da wakilinsu ya bar wa dattijo, magana ta ƙare. Aka yi fatiha. Masu keke suka tafi suna surutu da yarensu, ba wanda ya kula shi. Shi ne na ƙarshen tashi, ya ɗauki takalmansa a hannu.

Ba a daɗe ba aka zo da injin yanka ƙarfe. Kafin magariba motoci sun jeru a wurin kamar da ma can nasu ne.

Mijin 'yata ya gwada shiga tsakanin motoci, aka buɗe ƙofar wata ta kwashe shi, burodi ya watse a kwalta. Ya koma turo keken da ƙafa. Tamis ya riƙa isa da sanyi, masu shaguna suka yi ƙorafi, mai tanderu ya ba wani mai babur aikin, shi yana zagayawa ta babban titi ya riga kowa.

A ranar ne 'yata ta gaya wa ubanta, a tsaye, ba ta ko zauna ba. Ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Me ya hana shi faɗa? A gaban mutane na tambaye shi!"

Na ce, "Ko ku biyu ne ba zai faɗa ba, balle a gaban mutane."

Daga ranar ya daina ajiye tasinsa a wurin, ya koma can nesa inda yake ajiyewa da. Washegari wata mota ta shiga gurbin.

Maigidana ya ci gaba da jan tasi har idonsa ya raunana, Allah ya karɓi abinsa bayan wani aikin hajji. Ladan ya daina zuwa masallaci, a ɗaki yake salla har ya rasu, matarsa ta koma wajen ɗanta a Jidda. Maƙwabciyarmu ɗanta ya sayi mota ta biyu, yana nan yana zagaye. 'Yata ta kama ɗinki a gida. Mijinta kuwa, mai tanderu ya mai da shi ciki wajen kwaɓa ƙullu, yana can gaban wuta. Ranar Juma'a yakan zo gaishe ni, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, in amsa daga bayan labule. Keken yana saman soronmu, rana ta cinye tayoyinsa.