Ƙullin da Ke Cikin Bangon Hajiya Falmata

Jama'a, abin da zan ba ku da ni ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba, kuma wallahi da rana tsaka ne, ina cikin hankalina, cikina cike da ɗanwake. Shekara tara ke nan ko goma, lokacin ina bin wani injiniya mai suna Emeka muna sa kyamarar tsaro a gidaje. Shagonsa na Sabon Gari, can aka haife shi, Hausa kuwa in ya juya ta sai in ji kamar ni ne baƙo. Ni aji uku na yi a firamare, na ukun ma sau biyu na zauna, sai malamin ya ba babana shawara a nema mini abin da ake yi da ƙarfi. To shi nake yi: ɗaukar tsani, huda bango, jan waya.

Ina da wani sirri da ko matata ba ta sani ba a lokacin. Idona ba ya raba kore da ruwan ƙasa da ruwan lemo, duk ɗaya nake ganinsu kamar kunun da ya kwana. Shuɗi kawai nake ganewa, sai fari da baƙi. Ku ji fa, mutum yana aikin waya! In an zo wajen haɗi sai in ce na manta tabarau a gida, alhali ban taɓa mallakar tabarau ba. Har ranar da Emeka ya zaunar da ni ya ce, "Baba, gwiwarka ta fara ƙara a kan tsani, daga ƙasa nake jin ta. Ka koyi haɗin waya ka zauna a inuwa, in ba haka ba ban san aikin da zan ba ka ba." Na ce masa ai haɗi wasan yara ne. Da na koma gida na kwana ina lissafin yadda zan yi.

A makon muka samu aiki a Fagge, wani tsohon bene na Hajiya Falmata, 'yar asalin Barno ce amma a Kano ta tsufa. 'Ya'yanta ne suka matsa a sa kyamara da intanet, ita kuma ta kafa sharaɗi. "Ko ƙusa ɗaya kada ku buga a bangon nan. Marigayi Alhaji ya gina shi, haka zan bar shi." Ni da huda bango ita ce sana'ata, sai na kalli Emeka. Shi kuwa ya zaga gidan yana shafa bango kamar mai neman macen aure, ya tsaya a ƙarƙashin matakala, ya buɗe wani akwatin ƙarfe da ya yi tsatsa, sai ya yi dariya. Ashe zamanin tarho na gwamnati Alhaji ya sa an ja waya zuwa kowane ɗaki har zaure, duk a cikin bututu, duk sun haɗu a akwatin nan.

Emeka dai Allah ya yi masa kai. Ya fere waya ɗaya, jan ƙarfen ciki yana ƙyalli kamar jiya aka sa. Ya ce ba sai mun ja sabuwa ba, wannan za ta ɗauki hoto in aka maƙala mata wani ɗan abu a baki da baki, wai sunansa balun, ni dai har yau balan-balan nake ce masa. Kowace igiya da tagwayen waya huɗu a ciki. Ya ce kore za ta kai wuta ga kyamara, ruwan ƙasa ta dawo da hoto, ruwan lemo da shuɗi a bar wa intanet. "In ka juya, ka sa wuta a hanyar hoto, kyamara ta ƙone ke nan, Baba." Ya ce zai je Bata ya karɓo sauran kaya, kafin ya dawo in haɗa igiya shida. Ya hau babur ya tafi.

Na yi sallar azahar, na dawo na tsuguna gaban akwati. Na ɗaga wayoyin sama, na kai su bakin taga, na rufe ido ɗaya, har sansana su na yi, Allah na tuba. Kunu dai kunu. Na ce yau ranar tonon asiri ce, gobe sai dai in nemi gadi. A gefen akwatin akwai tsohon tarho baƙi, mai juyawa da yatsa, ƙura ta rufe shi, igiyarsa na maƙale a ciki. Ni kuma ko a gidan makoki ba na rasa shaƙiyanci, sai na ɗauka na kara a kunne, na gyara murya irin ta manyan alhazai, na ce, "Halo, a turo mini tirela biyu ta shinkafa, a yi sauri."

Sai na ji an yi tari a ciki.

Muryar dattijo ce, a hankali, da Hausa irin ta tsofaffin Sabon Gari. Ya ce, "In ka gama cinikin shinkafa, ajiye wayar da ke ɗaya hannunka. Ba kore ba ce."

Na yi dariya, don na ɗauka Emeka ne ya dawo ta ƙofar baya ya hau sama yana maƙe murya. Na ce, "Injiniya, ka daina wasa da babanka." Muryar ba ta kula ni ba. Ya ce, "Ba ka ganin kala, kada ka wahalar da ido. Jawo igiyar daga bututu kamar taki ɗaya, a hankali, kada ka fizga. Ka shafa da yatsa."

Nan dariyar ta tsaya, domin maganar nan ban taɓa faɗa wa ɗan Adam ba. Na maƙale tarho a kafaɗa na jawo igiyar, ta biyo ni sumul, ashe an bar mata rara a ciki. Na shafa, sai ga 'yan ƙananan ƙulli kamar ƙwayar gero, an ɗaure su tsaf a jikin tagwayen. "Ƙulli ɗaya lemo," in ji shi, "biyu kore, uku ruwan ƙasa. Shuɗi ka san abinka. Can ɗaya bakin ma haka na yi, kowane ɗaki." Na ce, "Baba, wane ne?" Ya ce, "Yi aikinka. Kuma ka murɗa haɗin da kyau, ba na son aikin ganin ido." Sai ƙit, shiru, ko shuuu ɗin nan babu.

Tsoro na ji, amma tsoron rasa abinci ya fi shi, sai na hau aiki. Igiya shida, baki goma sha biyu, ko ɗaya ba ta yi ƙarya ba, ƙullin nan iri ɗaya kamar inji ya yi su. Wallahi ina haɗawa ina jinjina wa hannun da ya zauna ya yi wannan a inda ba mai gani, ba mai yaba masa.

Wajen la'asar na ji babur, Emeka ya shigo ta ƙofar gaba da kwali a kai, gumi sharkaf, yana zagin cunkoson Bata. Ya duba haɗin ɗaya bayan ɗaya, muka maƙala kyamarorin, ya kunna, hotuna shida suka fito tar a talabijin, har akuyar maƙwabta ana gani tana cin kwali a ƙofar zaure. Ya ce, "Baba! Dama ka iya kake ɓoyewa?" Da na so, da na karɓi yabon na yi shiru. Amma sai na zayyana masa komai, har maganar idona. Ya ɗauki tarhon ya kara a kunne, ya bi igiyarsa har waje, sai ga ta a bayan gida a yanke tana lilo, turken da take zuwa ma an daɗe da cire shi. Babu batir, babu wuta, babu kowa a sama sai Hajiya tana lazimi.

Muka tambaye ta wa ya ja wayar gidan. Ta yi tunani ta ce wani Ibo ne dogo, ma'aikacin tarho, sunan ya ɓace mata, ya daɗe da komawa garinsu, ba ta san ko yana raye ba. Sai ta yi murmushi. "Abin da na tuna, kullum safarsa daban-daban, ɗaya kore ɗaya ruwan ƙasa. Yara na yi masa dariya, shi kuma ya rantse iri ɗaya ce."

Emeka ya tattara kaya muka fito. A hanya ya tsaya ya sayi zaren ɗinki, washegari na tarar ya zauna yana ƙulla bakin kowace sabuwar waya da ke shagon, ɗaya, biyu, uku. Ya miƙo mini filaya ya ce daga yau haɗi nawa ne, tsani kuma na sauka ke nan. Shekara shida na ƙara tare da shi, ban ƙona kyamara ko ɗaya ba.

Ban san da wa na yi magana ba, kuma ban koma na ɗaga tarhon nan ba, yana nan ƙarƙashin matakala in ba a jefar ba. Shawarata dai, in kuka samu tsohuwar waya a bangon gidanku, kada ku yi saurin fizge ta ku kai wa 'yan gwangwan, ku fara nuna wa wanda ya sani. In kuka ga ƙulli a jiki, ku bar shi yadda yake, kada ku kwance, mai shi bai gama kula da aikinsa ba.