Baba Mai Safa, Wanda Bai Taɓa Nuna Gidan Kowa Ba

Tun kafin ka gan shi za ka ji kekensa, wani tsohon keke da ya fi mai shi surutu. A baya jarkar maganin feshi ce da bokiti, a gaba buhuna a naɗe, shi kuma a tsakiya da takalmin roba har gwiwa. Safar hannun da ba ya rabuwa da ita ce ta jawo masa suna, duk layinmu Baba Mai Safa ake ce masa. Shi ne malamin dabbobi na unguwarmu. Ba ya shiga gida sai ya tsoma takalminsa a bokitin magani, in zai fita ma haka. Ya ɗiga wa 'yan tsaki maganin rigakafi a ido, ya leƙa akurki ya yi faɗan kashin da ba a share ba, ya sha ruwa ya wuce.

Wannan shi ne aikin da ake yi masa sannu a kai. Akwai ɗayan, wanda ya sa yara suka riƙa kiransa Azara'ilun kaji. Idan kaza ta tsufa ta daina ƙwai, ko ta karye ba ta gyaruwa, kuma mai ita ta kasa ɗaga mata wuƙa, shi ake kira. Mutanenmu kuwa sai haƙuri. Ki yanka kazar da kika raina, a ce ba ki da imani. Ki yi kuka, a ce wai a kan kaza, don Allah ji shagwaɓa. Shi dai ban taɓa jin ya yi wa kowa dariya ba. Wata mai wanki ta ba ni labari cewa ya zauna a bakin rijiyarta yana jira har ta gama shafa bayan kazarta, sannan ya ce, "Shiga ɗaki, 'yata. In na gama zan yi gyaran murya."

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shekarar annoba. Gwaggona, wadda ta raine ni, tana da kaji cike da tsakar gida, kowacce da sunanta. Wata rana ta ga wani jan zakara a bakin titi, ya burge ta, ta saya ta sake shi cikinsu ba tare da ta ware shi ba. Ba a jima ba kaji suka fara gyangyaɗi, fukafukai a ƙasa, wuya a murɗe. Sai ga labari ya shigo cewa na maƙwabta ma sun fara faɗuwa.

Ta aika aka kira Baba a asirce. Ina nan a tsaye lokacin da ta kama bakin rigarsa.

"Baba, ka rufa mini asiri. In matar tela ta ji daga nan ta fito, ina zan sa kaina a layin nan? Da ƙwan kajinta take ciyar da 'ya'yanta."

Ya dubi zakaran, ya dubi sauran. Ya ce, "Duk sai an kashe su, kuma ba mai cin ko ɗaya. Wannan ba zan ɓoye miki ba. Maganar bakin mutane kuwa, ki bar mini."

Washegari ya zo da amalanke. Bai fara ta gidanmu ba. Ya fara daga gidan farko na layin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kashe kaji yana zubawa a buhu, kuma ko'ina ya daɗe daidai da ko'ina. Har gidan mai gyaran rediyo, wanda ko gashin kaza babu, sai da ya shiga ya zauna ya sha ruwa. Buhunan duk iri ɗaya, a ɗaure tamau, ba mai gane na wa ya fi nauyi. Ya kai su bayan gari ya binne a rami mai zurfi.

Zagi kuwa ya sha shi. Wani ya ce asarar nama, wata ta ce mugu ne, da ma neman dalili yake. Matar tela ta tare shi a tsakiyar layi, hannu a ƙugu, ta ce sai ya faɗi gidan da ya jawo musu. Ya ce, "Ni da na zo na tarar da ita a ko'ina. In faɗa kike so, ga ni, ni na ce a kashe." Haka ya tattara fushin layi guda ya ɗora a kansa ya tura amalankensa.

Kai ne, Baba, ka san ciwon kaza yana ƙarewa a rami, amma na baki sai ya bi mutum har tsufa. Kai ne ka yarda a tsane ka don mata su ci gaba da aron turmi a tsakaninsu. Garkuwar masu akurki, ba mu san girman abin da ka yi ba a lokacin.

Asiri ya rufu, amma Gwaggo ba ta huta ba. Akurki ya koma ma'ajiyar itace. Ko ƙwai aka ambata a zaman hira sai ta tashi wai ta bar tukunya a wuta. Duk sanda matar tela ta yi mata kirki, ranar ba ta cin abinci sosai. Abin ya yi ta ƙona mini rai shekara da shekaru.

A watan jiya Baba ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi keke. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, aka taru ana yi masa addu'a. Ana cikin raha sai matar tela, da furfurarta da komai, ta ce, "To Baba, yanzu ai ka sauka. Don Allah annobar nan daga gidan wa ta fara?"

Gwaggo ta damƙe mini wuyan hannu har sai da na ji zafi. Kafin Baba ya buɗe baki ta ce, "Ku ƙyale shi. Ni ce. Zakara na saya a titi."

Matar tela ta saki baki tana kallonta.

"Ke? Yaya, ni fa na tambaya ne in ji ko zai tona ni. Kajin ƙanwata na karɓo riƙo, biyu a ciki ba su da lafiya."

Daga can gefe matar direba ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Wayyo ni. Ashe ba ni kaɗai ba ce."

Kowa ya juya wajen Baba. Yana ta murza gwiwarsa, ko a jikinsa.

"Duk kun kira ni a ɓoye, kusan lokaci ɗaya," in ji shi. "Har yau ban san wadda ta riga ba, ban kuma nemi sani ba. Kowacce ta ce in rufa mata asiri, na rufa."

Wallahi da farko haushi na ji, na ce a raina ashe duk wannan wahala a banza aka sha. Sai na tuna amana suka ba shi, ba shi da ikon buɗe ta ko don ya faranta wa wata. Ina wannan tunani sai na ji dariya ta ɓarke. Gwaggo da matar tela sun rungume juna, suna dariya suna share hawaye, kowacce na cewa ɗayar munafuka. Na daɗe ban ji sanyi a raina irin na ranar ba.

Baba, mun gode. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa iyayenmu. Ku kuma da aikinku ke kai ku cikin gidajen mutane, ku koya daga wannan bawan Allah: ku yi abin da ya wajaba ko da za a zage ku, kuma abin da kuka gani a tsakar gida ku bar shi a can.

Muna hanyar komawa Gwaggo ta tsaya ta gyara mayafi, ta ce, "Gobe ka kwashe mini itacen nan daga akurki. Matar tela ta ce za ta ba ni 'yan tsaki."