Tagar da na koya wa gaisuwa

Farkon shigata haɗa manhaja, wani Alhaji mai shagon ɗinki a Ƙofar Marusa ya sa na yi masa manhajar ajiye awon mutane a kwamfuta. Bayan babbar tagar manhajar da ke kan allon kwamfuta, na sa wata ƙarama mai fitowa idan za a goge awo. Takan tare komai, ba abin da zai dannu sai an amsa mata: "Ka tabbata?"

Alhaji ya ɓata rai. "Malam, wannan aba ba ta da tarbiyya. Ta tare dattijo da tambaya, ko sallama babu?"

Ni wa, da zan ja da mai furfura? Na koya mata ladabi. Ta yi sallama, ta jira amsa. Ta tambayi kwana, ta jira. Sai gajiya, sai iyali, kowace gaisuwa da tagarta, sannan a zo maganar awo.

Ana jajibirin salla, shago ya cika maƙil, Alhaji ya danna "lafiya lau" har yatsa ya sage. Sai ga wayarsa.

"Zo ka cire mani wannan shirmen."

Ko sallama bai yi mani ba.