Ranar da Gwaggo Ta Ƙi Waiwaye

Jiya ina tsintar shinkafa, rediyo na ba da labarin wata 'yar majalisa a ƙasar Pakistan, wai ta daɗe ana damawa da ita, in ta faɗi zaɓe ta sake tashi. Sai na ajiye faifan. Gwaggona ce ta faɗo mini a rai.

Gwaggo yayar babanmu ce, ita ce kuma ungozomar ƙauyenmu a ƙasar Roni. Hannunta kullum ƙamshin man gyaɗa da sabulun salo yake yi. Rabin garin ita ta yanke wa cibiya. Shekarar da maƙwabciyarmu ta rasu a kan amalanke, ana hanyar kai ta Kazaure da naƙuda, Gwaggo ta ce za ta tsaya takarar kansila, ko ɗakin haihuwa ɗaya a samar mana. Maza suka yi ta dariya a ƙofar gida. Ita ko a jikinta.

Kai da ba ka riski zamanin ba, zaɓen ƙato bayan ƙato ake yi. Ɗan takara ya tsaya, mai son sa ya bi bayansa, a ƙirga kawuna gari na kallo. Abokin takararta kuwa ta hannunsa takin zamani ke fitowa, ga damina ta ƙarato. Duk da haka Baba ya yi mata alkawari a gabana, har da dafa ƙirji.

Ranar, a filin firamare, zafin bazara kamar bakin murhu. Gwaggo ta gyara mayafi ta ba layinta baya, ta ce ba za ta waiwaya ba don kada ta ɗora wa kowa nauyi. Ni ina kan katanga, shekarata tara. Tsofaffin mata suka tsaya mata, da Innarmu da goyonta. Baba ya iso ya yi jim tsakanin layukan biyu, yana murza hula. Sannan ya sunkuyar da kai ya shiga dogon layin, ya yi ɗan busasshen tarin nan nasa. Idonmu ya haɗu.

Gwaggo ta faɗi zaɓen, ba ta ƙara tsayawa ba. Ta ci gaba da karɓar haihuwa, har a gidajen masu dariyar. Geronmu ya yi kyau a shekarar, amma ni haushin Baba ya hana ni jin daɗin tuwon.

Ba ta taɓa tambayar kowa ba, sai bayan rasuwar Baba, ita ma tana kwance na je duba ta.

"Ke da kike kan katanga," in ji ta, "ƙanena ya tsaya mini?"

"Ya tsaya, Gwaggo."

Ta yi murmushi. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Amma daga wancan layin na jiyo tarinsa. Ni fa na goye shi."

Yanzu a ɓoye ake dangwala ƙuri'a, ba mai ganin layin wani. An gina ɗakin haihuwar, fentinsa har ya koɗe, yawancin ranaku a kulle yake. Mace ba ta sake tsayawa a mazaɓarmu ba, ni ma da nake wannan surutu ban tsaya ba. Wallahi na gaji da zuwa zaɓe, amma ina zuwa. Duk sanda na duƙa zan dangwala wa wani namijin, sai in ji ina danne tari.