Gurasar firiji da Baba Nomau

Ranar da mai duba aiki ya zo mana daga Sakkwato ba ta taɓa fita raina ba. A shekarar da aka bar fam aka koma naira ne. Ina kuku na biyu a wani gidan saukar baƙi na gwamnati a Gusau, ƙarƙashin babban kuku Baba Nomau, mutumin Bungudu. Sama da mu akwai manaja, shi ke rubuta abin da baƙi za su ci, mu kuma mu dafa.

Da sinasir aka san gidanmu. Ga wanda bai san aikin ba, kwana yake ci: a jiƙa shinkafa, a kai niƙa, a bar ƙullun ya tashi, sannan a soya ɗaya bayan ɗaya. Baba kuwa girma ya kama shi, hannunsa na dama ya fara rawa. Da aka kawo mana firiji mai aiki da kananzir, sai ya fito da wata dabara. Yakan sayo gurasa marar kauri a Sabon Gari ya jera a wajen ƙanƙara. Ran da ƙullu ya ƙi tashi, sai a ciro ta, a turara ta har ta saki, a tsoma cikin ƙwai da aka kaɗa da albasa, attarugu da gishiri, a soya a kasko da man gyaɗa. Kafin ruwan shayi ya tafasa an gama.

Ya ce mini, "Garba, wanga na fita kunya ne. Tsakanina da kai."

Ran da baƙon nan mai duba aiki ya iso, ƙullun ya kwana bai motsa ba. Baba ya ce in ciro gurasa. Shi ya kaɗa ƙwan, shi ya ɗanɗana gishirin, ni dai suya kawai na yi. Baƙon ya cinye, ya nemi ƙari, sannan ya sa aka kira mu gaban manaja.

"Wa ya yi wannan?"

Baba yana gefena, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe." Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa abin da ake kwana ana yi, ni cikin 'yan mintuna nake gamawa. Na ga baƙon ya rubuta wani abu a littafinsa.

Da muka koma kicin Baba bai tayar da maganar ba. Cewa kawai ya yi, "Ka riƙa rage wuta, gefen yana ƙonewa."

Wata uku bayan haka takarda ta zo: kuku ɗaya ya wadaci gidan. Aka sallami Baba saura shekara biyu ya kai ritaya, aka ba ni kujerarsa. Na raka shi tasha da ɗaurin kayansa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya ba ka ikon riƙewa."

Bungudu ba nisa gare ta ba. Kullum sai in ce Juma'a mai zuwa zan je in nemi gafararsa. Ina cikin wannan jinkirin wani direba ya shaida mini an yi jana'izarsa tun makon jiya.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku ji daga bakin wanda ya yi. Hanyar sauƙi a girki ba laifi ba ce, baƙo ba ya tambayar awa nawa aka yi a murhu. Amma duk abin da hannunku ya iya, wani ne ya tsaya ya nuna muku. In an yaba, ku ambaci sunansa tun yana tsaye kusa da ku.