Keken da Na Sayar Don Takin Masara

Shekaranjiya a teburin mai shayi a Rano na ji wani mai dogon karatu a rediyo yana cewa wai lokacin korona kuɗin da 'yan ci-rani ke turowa gida bai ragu ba yadda aka zata. Har da yaba mana. Shayin nan sai ya fita raina. Ni a aji huɗu na bar firamare, amma na fi shi sanin inda kuɗin ya fito.

Shekara tara na yi a Makka ina turin keke. Keken guragu nake nufi, wanda ake ɗora tsofaffin alhazai daga masauki a kai su Harami a dawo da su. Nawa ne na kaina, ba haya ba. Takardar zama kuwa ba ni da ita. Keken nan shi ne gonata, shi ne kuma takardata, don askarawa, 'yan sandan can, ba su cika tare mutumin da ya turo tsohuwa da carbi a hannunta ba.

Sai annoba ta zo, aka rufe gari, alhazai suka ɗauke ƙafa. Mu shida a ɗaki ɗaya, burodi da ruwan bunu. Keken yana jingine a bango, kullum sai na goge shi na sa masa mai.

Ana cikin haka ruwa ya sauka a garinmu Madachi. Yayana, wanda gonar gandunmu ke hannunsa, ya kira ni.

"Alhaji na Makka, maƙwabcin Ka'aba! Masara ta tsiro. Taki fa?"

Na ce, "Yaya, wata uku ban tura kowa ba. Garin a kulle yake."

Ya tuntsire da dariya. "Haba Alhaji! Mai shan zamzam kamar ruwan randa ne zai yi mana kukan babu? Ga Inna."

Dabararsa ke nan, tun fil azal. In ya ga zan turje sai ya miƙa wa mahaifiyarmu waya. Ita baiwar Allah ba ta taɓa roƙona ko sisi ba. Cewa ta yi, "Auta, kana cin abinci kuwa? Allah ya tsare min kai da ciwon nan."

Na ce, "Ina ci, Inna. Har da nama."

To wane ɗan halak ne zai ji muryar nan ya bar masarar da za ta ci ta yi ja a gona? Kwana biyu ina kallon keken. A na uku na tura shi wayam zuwa wurin wani ɗan Bangaladash, ya saya a wulaƙance, don ya ga a matse nake. Na kai kuɗin wurin mai canji, wani Bakano, kafin la'asar kuɗi ya shiga wayar Yaya. Saƙon murya ya turo min: "Ya shigo. Amma fa taki ya tashi." Shi ke nan. Ko yaya kake ciki bai ce ba.

An ce masara ta yi kyau a shekarar. An ce a majalisa Yaya har bugun ƙirji yake, wai ƙaninsa annoba ba ta san ƙofar ɗakinsa ba.

Da aka buɗe Umara abokan ɗakina suka koma turi. Ni sai dako a bakin kasuwa, katan a ka. Baƙin mutum, ba takarda, ba tsohuwa a gabansa, wa zai ƙyale shi? Ban rufa wata biyu ba aka kama ni, aka tsare ni inda ake tara waɗanda za a koro, aka sa mu a jirgi.

A tashar Rano Yaya ya zo ɗaukata a babur. Ya dubi ledar da ke hannuna, riga biyu da silifa. Ya leƙa bayan motar.

"Ina sauran kayan? Ko suna Kano?"

Na ce, "Keken na sayar, Yaya. Shi kuka zuba wa masara."

Na ɗauka maganar ta shige shi. Sai ya buga babur ya ce, "To kada ka faɗa wa Inna. Hau mu biya kasuwa ka sai wa yara dabino, kar a ce Alhaji ya dawo hannu rabbana."